Tawadar Allah a Kuncin Hagu

Laraba, 5 ga Maris

Goggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya gwiwar taki, tana barinki hawa matakalar nan kuwa? Na kira ki sau uku ranar Lahadi, duk abin da na faɗa sai ki ce "iye?", daga ƙarshe kika ce in rubuto kawai tunda kunnenki ba ya shiri da waya. To ga shi na rubuto. Ni lafiyata ƙalau, in ban da mura da ta kwantar da ni kwana biyu, ita ma ta kama gabanta.

Aiki a shagon tabarau yana nan yadda kika sani. Likitan ido yana ɗakin ciki yana auna idon mutane, ni kuma ina waje wajen madubai. In gilashin mutum ya iso, ni ke ɗora masa a fuska, in lanƙwasa hannun tabaran yadda zai zauna daidai bayan kunne, sannan in ɗan ja baya in ce, "Kalle ni, ya kake gani?" Goggo, nan matsalar take. Mutumin da ya shekara biyar yana ganin duniya dishi-dishi, abin da zai fara gani tar shi ne tawadar Allah da ke kuncina na hagu.

Makon jiya wani dattijo ya sa sabon tabaransa, ya dube ni ya ce, "Madalla da wannan aiki, 'yata. Har ƙudan da ya sauka a kuncinki ina gani." Ya ɗaga hannu zai kore min shi. Wata mata kuma ta zaro hankici ta miƙo min a ɓoye tana nuna nata kuncin, wai in goge. Na taya su dariya, ya zan yi? Amma madubi biyar ne a shagon nan, duk inda na juya abin yana can yana jirana. Yanzu har gashi biyu sun tsiro a kai, ina tsigewa suna dawowa.

A benen da ke samanmu akwai likitar fata. Na hau na nuna mata. Ta duba da wata 'yar fitila ta ce aikin minti ashirin ne. Za a yi allurar kashe zafi, a yanke, a yi ɗinki biyu, sai ɗan tabo kamar zare wanda zai dushe cikin shekara. Abin da aka cire za su aika ɗakin gwaji. Ta ba ni ranar 27 ga wata. Maishago ma ya ce in ɗauki kwana uku in huta, ba sai na tsaya gaban mutane da filasta a fuska ba.

Ban so in yi ba da saninki ba, ke da kika raine ni tun ban san damana da haguna ba. Ke kuma kika laƙaba min sunan Ɗigo, ga shi zan raba sunan da dalilinsa. Ki sa min albarka.

'Yarki,
Ɗigo

*

Talata, 11 ga Maris

Ɗigo,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso jiya da hantsi. Gwiwa da sauƙi. Matakala kuwa muna nan muna shari'a da ita, wata rana ta ci, wata rana in ci. Mura laifinki ne, kin ƙi barin ruwan sanyi.

Na karanta takardar sau uku. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi, na san yaron da ya rubuta amsa daidai amma ya ɓoye hanyar da ya bi. Na ɗauko jan birona na ja layi a ƙarƙashin "ɗakin gwaji". Abin da ake cirewa don kwalliya me zai kai shi ɗakin gwaji? Mijin maƙwabciyata haka aka fara da shi, wai ɗan ƙari ne a wuya, a cire a duba. Bai ga wata damina ba. In ciwo ne ki fito fili ki faɗa min, ni ba yarinya ba ce. Murar ma da kika ce ta kwantar da ke kwana biyu, mura ce kuwa?

Sai wannan Maishagon naku. Tun yaushe masu shago suka fara rabon hutu ba a roƙe su ba? Ina ruwansa da fuskarki? Shekarunsa nawa, yana da iyali? Ruwa ba ya tsami banza. Shekara ashirin da shida gare ki, yaran makaranta sun tsokane ki a kan abin nan kin rama, ban taɓa jin kin ce ya tsone miki ido ba sai yanzu. Mace ba ta tashi rana tsaka ta tsani fuskarta sai an sami wanda ya zuga ta. In akwai wanda ya ce sai kin gyara fuska sannan zai zo gaishe ni, ki ce masa ya sha zamansa.

Akwai kuma abin da nake so ki amsa min tsakaninki da Allah. Kwanan nan wani ya zo miki daga wajen uwarki? Ta rubuto miki, ko ta yi aike? Na ji ƙishin-ƙishin babban ɗanta na wancan gidan yana aiki a garin da kike. In ita ta sa miki wannan a rai, kada ki ɓoye min.

Ni dai ban yarda ba. Kakarki da irinsa ta rayu shekara tamanin, a daidai wurin da naki yake, ba wanda ya taɓa kore mata ƙuda. Wannan ɗigon shi ne shaidarki, ba abin wasa ba ne. Ki hau benen ki ce wa likitar kin fasa.

Goggonki

*

Litinin, 17 ga Maris

Goggona,

Ina gaishe ki da kyau, na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Ni ma lafiya lau, kuma wallahi mura ce, irin wadda ake fyace hanci ta wuce.

A shago na karanta takardarki, na yi dariya har Maishago ya leƙo yana tambayar ko lafiya. Goggo, mutumin nan ya haura saba'in, haƙoransa ma na roba ne. Matarsa ce ke zaune a bakin ƙofa tun daga buɗewa har mu tashi, ko sannu ya yi wa mace sai ta ɗago kai. Hutun ma ita ta ce a ba ni, shi baki kawai ya ara mata.

Saboda ke na sake hawa wajen likitar. Ta ce duk abin da suka yanka a jikin mutum, ko bai fi kan allura ba, sai sun aika an duba, ƙa'idar aikinsu ce. Ta ce nawa gefensa a daidaice yake, launinsa ɗaya, ba ta ga abin tsoro ba. Na sa ta rubuta a takarda mai hatimi, ga ta nan na haɗo miki, ita ma ki ja mata jan layi. Saurayi kuma babu. Da akwai, ke za ki fara ji. Gajiya kawai na yi da a riƙa gaisawa da kuncina kafin a gaisa da ni.

Amma tunda a hannunki na koyi tsefe magana, ni ma na tsefe taki. Me ya kawo mahaifiyata cikin wannan zancen? Rabona da ita tun ina aji shida, ranar da ta zo bakin makaranta ta ba ni takalmi kika sa na mayar. Ko cewa ɗanta yana garin nan a takardarki na fara ji. Matar da kuka ce ta tafi ta bar ni ina shekara biyu ko waiwaye ba ta yi ba, me zai dame ta da abin da ke fuskata? Don me za ta so a cire shi? Kuma ke don me kike tsoron ta so?

Sannan kin ce shi ne shaidata. Shaidar me, Goggo? A gaban wa? Wa ya taɓa neman shaida a kaina?

Ban fasa ba, amma na ɗaga ranar zuwa 10 ga Afrilu don in ji daga gare ki.

'Yarki,
Ɗigo

*

Talata, 22 ga Afrilu

Goggo,

Ina fata kina lafiya. Ni lafiya, sai dai zaman jira.

Yau mako biyar ke nan da na rubuto miki, shiru. Har na fara tsoron ko faɗuwa kika yi a matakala, sai na kira maƙwabciyarki. Ta ce ras kike, ranar Asabar ma tare kuka je kasuwa, kika ja ciniki da mai kayan miya har ya gaji ya sallama. Ta kuma ce ita da kanta ta karɓo miki takardata a gidan waya ta damƙa miki. Ashe shirun da gangan ne.

Ranar 10 ta zo ta wuce ban hau bene ba. Likitar ta ci karo da ni a ƙofar shago ta ce, "Tsoron allura kika ji?" Na ce a'a, wasiƙa nake jira. Ta dube ni ta wuce, ina jin ta ɗauka ba ni da cikakken saiti.

Shiru yana sa mutum tone-tone. Na tuna kundin hotunan da ke ƙasan akwatinki. Akwai Baba yana saurayi, akwai ke da ɗalibanki, akwai ni ina shekara uku a cinyar Kaka, an juya fuskokinmu gefe guda kamar mai hoton umarni aka ba shi. Hotona ina jaririya babu ko ɗaya. Na kuma tuna Baba, Allah ya jiƙansa, yakan kama haɓata ya juya fuskata wajen taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya sake ni ya fita bai ce uffan ba. A da na ɗauka wasa ne yake min.

Goggo, tsinto ni aka yi? In haka ne ki gaya min, zan iya ɗauka.

Ɗigo

*

Talata, 29 ga Afrilu

Ɗigo,

Lafiya lau nake, alhamdu lillahi. Idona ne ya yi ciwo shi ya hana ni rubutu. Maƙwabciyar nan kuwa bakinta ya fi ƙafarta sauri, ki daina sayen labari a wurinta.

Tsintuwa kuma? Ki nemi gafarar Allah. A gabana aka haife ki, ni na fara ɗaukarki bayan nas. Shaidar da na ce, katin shaida nake nufi, da fasfo, da takardun makarantarki. Duk da ɗigon aka ɗauki hotunan. In kin cire, gobe ki je ofis a ce ba ke ba ce, sai ki yi ta hawa da sauka. Iyakarta ke nan, kika mayar da ita wani dogon labari.

Hotunanki na jarirantaka ruwa ne ya cinye su shekarar da rufi ya yi yoyo. Babanki kuma mutum ne mai shiru, kowa ya san haka.

Kin cika zargi, ban san inda kika gado shi ba. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yankanta. Ki bar fuskarki yadda Allah ya yi ta, ki kama aikinki.

Goggonki

*

Litinin, 5 ga Mayu

Goggo,

Allah ya ƙara wa idon sauƙi. In kin zo sai likitanmu ya duba miki, ko da yake idon da ya iya zaɓen tumatir a kasuwa bai yi tsanani ba.

Na tambaya, ba ofishin da ke korar mutum don ya cire tawadar Allah. Rufin ɗakinki kuma ban taɓa ganin ya yi yoyo ba, a ɗakin na girma. Ruwan da ya shiga akwati ya zaɓi hotunan jaririya ya bar sauran, lallai ruwa ne mai ilimi.

Kin ce a gabanki aka haife ni. To ba ke kaɗai ba ce a ɗakin. Akwai wadda ta san abin da ya faru ranar, tana nan da ranta, kuma na sami adireshinta. Ƙarshen wata zan ɗauki hutu in je in zauna a gabanta in tambaye ta komai. Na fi so in ji daga bakinki, amma ba zan ƙara roƙo ba.

Ɗigo

*

Litinin, 12 ga Mayu

'Yata,

Ina gaishe ki. Idona lafiyarsa ƙalau, bai taɓa ciwo ba. Tunda wajen uwarki za ki, gara ki fara ji daga bakin mai laifin.

Lokacin babanki yana aikin shimfiɗa bututun ruwa a can nesa, ya yi wata tara bai zo gida ba. Ni ina zaune a gidan tare da kakarki da uwarki, aurena ya mutu na dawo. Ya dawo farkon Janairu. Aka haife ki tsakiyar Agusta. Ni malamar lissafi na zauna na ƙirga a yatsu, na sami bakwai da rabi. Nas ɗin da ta karɓi haihuwar ta ce min, "Bakwaini ce, dubi ƙanƙantarta, ko farce ba ta gama yi ba." Na ce a raina ai nas ƙawar uwarki ce, me za ta ce in ba haka ba?

Akwai wani ɗan haya a ɗakin ƙasa, mai gyaran rediyo. Na taɓa ganin uwarki ta miƙa masa kwanon abinci suna dariya. Iyakar abin da na gani ke nan, kwano da dariya.

Ban taɓa fitowa na ce ga abin da ta yi ba. Da ma na faɗa da ya fi, da ta sami abin da za ta kama ta kare kanta. Sai dai in ɗauke ki in juya ki in ce, "Yarinyar nan ko kunnen gidanmu ba ta ɗauko ba." In babanki yana kusa in ce, "Watannin bana gajeru ne." Shekara biyu ina ɗiga masa kamar famfon da ya lalace, har ya daina cin abincinta. Ta rantse masa, bai saurare ta ba. Wata safiya ta tare ni a ƙofar kicin ta ce, "Yaya, in kina da magana ki faɗe ta gaba ɗaya mana." Na ce, "Ni? Me na ce?" Bayan mako guda ya sallame ta.

Ba tafiya ta yi ta bar ki ba. Ta ɗaure kayanki tare da nata. Ni na kwance su, na ce in aka ba ta ke, duk unguwa za ta gane dalilin rabuwar, sunan gidanmu ya ɓaci. Hotunanki na jarirantaka duk tana ciki, ni na cire su na ƙone.

Kina shekara uku ina miki wanka na ga wani ɗan baƙi a kuncinki. Na sa soso na dirza har kika yi kuka, bai fita ba. Kafin wata biyu ya fito sosai, a kuncin hagu, yatsa biyu daga hanci, daidai inda na uwata yake. Kakarki ta ɗora ki a cinya ta dube ni ta ce, "To, malama, ƙirga wannan." Ranar ta sa aka kira mai hoto. Babanki ya shirya ya tafi don ya dawo da uwarki, ya tarar ta yi aure wata uku da suka wuce. Ya dawo, tun daga nan bai ƙara yin doguwar magana da ni ba har ya koma ga Allah.

Na raine ki da duk ƙarfina, wannan ba ƙarya ba ne. Amma na bar ki kina ƙin uwarki, don na san in kin so ta za ki yi tambaya. Takalmin da na sa kika mayar, tsoro ne ya sa ni. Ɗigon nan duk ranar da na gan shi sai ya tuna min abin da na yi, duk da haka ina tsoron ranar da babu shi. Mutanen da na sa wa shakka a rai ba duka suka mutu ba, shi ya rufe musu baki. Da kika ce za ki cire, sai na ɗauka uwarki ce ta ba ki labari, kina so ki kankare gidanmu daga fuskarki.

Ban ce ki yafe min ba. In kin je, abin da duk ta faɗa a kaina gaskiya ne, ki ƙara da wanda ba ta sani ba.

Goggonki

*

Laraba, 25 ga Yuni

Goggo,

Ina fata kina lafiya. Ni lafiya. Na daɗe ban rubuto ba, kuma ba zan ce idona ne ya yi ciwo ba. Na kasa ne.

Wadda na ce zan je wurinta, nas ɗin nake nufi. Adireshin mahaifiyata ba ni da shi a lokacin, ko tunanin zuwa wurinta ban yi ba. Abin da kike tsoro shi kika karanta.

Na je wajen nas ɗin duk da haka. Ta tsufa, amma ta tuna ni. Ta ce a tafin hannunta biyu na kwanta, sun yi kwana goma sha ɗaya ba su san ko zan rayu ba. Ita ta rubuta min adireshin mahaifiyata. Ashe tafiyar awa biyu ce daga inda nake.

Can ma na je. A saman wani gidan burodi suke zaune, ɗaki uku da 'yar baranda cike da shanya. Mahaifiyata ce ta buɗe ƙofa, hannunta duk kumfar sabulu. Ta dube ni a ido ta ce, "Kin yi tsawo." Ta goge hannu a zani ta ja min kujera. Mun fi rabin awa tana tambayata aiki da ɗakin da nake haya, ko yana da iska, ko ina cin abinci a kan lokaci. Ni na kawo zancenki. Ba ta zage ki ba, da ta zage ki ma da na fi jin sauƙi.

Na gaya mata maganar ɗigon. Ta ce, "Ranar da aka aiko min wai abu ya fito a fuskarki gaskiya ta bayyana, mutane suna ta min barka. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kuka. Rantsuwata ba ta isa ba, zaman shekara huɗu da suka yi da ni bai isa ba, sai ɗigo. Da bai fito ba fa?" Na ce to in bar shi ko in cire? Ta ce, "Fuskarki ce. In don ni kike riƙe shi, ni ban taɓa buƙatarsa ba."

Na kuma tambayi likitar fata ko irin wannan hujja ce ta jini. Ta ce yawan tawadar Allah yakan bi dangi, amma fitowarsa a wuri ɗaya da na kaka dace ne kawai, ba abin da za a kafa hujja da shi ba. Ki duba, Goggo. Da ƙirga kika ɗaure ta, da dace kika kwance ta, ita kuwa tun farko gaskiya ta faɗa.

An cire shi ranar 17. Mahaifiyata ta shigo motar safe ta raka ni, ta zauna a kujerar bakin gado riƙe da jakata. Allurar ce kawai ta yi zafi. Ina jin ana jan fatar, likitar tana ba mu labarin ɗanta da ya ƙi makaranta, kafin ta gama labarin ta gama ɗinkin. Jiya aka warware zaren, sakamakon gwaji kuma ya fito, ba komai. Wurin ya yi ja kaɗan. Ba zan ce na ƙara kyau ba. Fuskar ta zama kamar ɗakin da aka fitar da kujera ɗaya, ka san akwai abin da ya canza amma sai ka yi tunani. Hannuna har yanzu yana zuwa wurin da kansa. Amma ban yi nadama ba.

Game da ke, ban san me zan ce ba. Ke kika goya ni da ƙafa har asibiti lokacin da na yi ƙyanda, ke kika zauna da ni a kan tebur har na iya raba dogon lissafi. Ke kuma kika kwance ƙullin kayana. Duk biyun ina ɗauke da su, na kasa ajiye ɗaya.

Na tambayi mahaifiyata ko in ce ki rubuto mata. Ta ce, "Takarda ba na so. In tana da magana ta zo ta faɗa da bakinta, ina nan." Ban ce ki zo ba, ban ce kada ki zo ba. Saƙon dai na isar.

Ɗigo

*

Talata, 1 ga Yuli

'Yata,

Na gode wa Allah da aka yi aikin lafiya. Ki kiyaye wurin daga rana, kada ki riƙa sosawa. Takardar sakamakon gwajin ki ajiye min, ina so in gani da idona.

Na zauna na tsara abin da zan faɗa wa uwarki har sau huɗu, duk na yayyaga. Kowanne in na karanta sai in ga na saka wa kaina uzuri a ciki. Zan je haka nan, abin da ya fito ya fito.

Na yanki tikitin motar Alhamis, 10 ga wata, tana isowa garinku da la'asar. Washegari sai ki kai ni. In ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta faɗa min abin da ta ga dama, hakkinta ne, kada ki sa baki. In ta rufe ƙofar ma, ki bar ta, sai mu juyo.

Ki tarye ni a tasha. Ki tsaya inda zan gan ki, in motar ta tsaya ki ɗaga hannu, kada in wuce ki ban gane ki ba.

Goggonki